Jiyyar Yaron Da Ya Firgita

Duk sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa wa wani gari a ƙasar Zamfara, kashegari akan fito da lissafi. A ce an kashe mutum kaza, an tafi da kaza, an kora shanu kaza, an ƙone rumbuna kaza. Malamin ofis ya rubuta, a aika Gusau, gidajen rediyo su faɗa. Lissafin nan yana da amfani, ba mu raina shi ba. Amma akwai waɗansu bayin Allah da ba su taɓa shiga cikinsa ba, ga shi kuwa sun fi kowa yawa a kowane gida. Su ne 'yan ƙananan yara, tun daga na goye har zuwa ɗan shekara shida, waɗanda aka toshe wa baki a ƙarƙashin gado, ko aka ruga da su cikin dawa da tsakad dare, ko suka ga an ɗaure ubansu an tasa ƙeyarsa. Ba a kashe su ba, ba a sace su ba, jikinsu ko ƙwarzane babu. Sabo da haka sai a ce Allah ya kiyaye, a wuce.

Maganarsu mu ke so mu yi yau, musamman da ku malaman makaranta da malaman ofis na Nahuce da sauran ƙasar Bungudu, da na Tsafe, da na Gusau. Ba sai mun ba ku labarin abin da ya ke faruwa ba, ku za ku ba mu. Kun tuna ran 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, aka sako 279 ran 2 ga Maris. Kun tuna farkon Satumba na shekarar nan, bayan an ɗauke ɗalibai a ƙasar Maradun, yadda aka rufe makarantun jihar duka, aka tsai da kasuwannin mako, aka yanke layin waya. A Satumba 2023 kuma aka shiga Sabon Gida, nan cikin ƙasar Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Waɗannan duniya ta ji su, don kuwa ɗalibai ne manya, suna da suna a rajista. Amma a farkon Janairu 2022, da 'yan sanda suka ba da sanarwar ceto mutum 97 daga dazuzzukan Shinkafi da Tsafe, har da jarirai a bayan uwayensu. A Tegina ta Jihar Neja, 'yan makarantar Islamiyyar da aka sace ran 30 ga Mayu 2021 sun yi kusan wata uku a daji, a cikinsu kuwa akwai waɗanda ba su fara famfara ba. To, waɗannan da suka komo gida, wa ya bi sawunsu ya ga yadda su ke kwana?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai yaro ne, bai san kome ba, zai manta. Wannan magana ta yi daɗin faɗi, amma ba gaskiya ba ce. Mu da bakinmu mu ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba mu kuwa ce sai baligi ba. Abin da yaro ya rasa shi ne bakin da zai ba da labari, ba zuciyar da za ta riƙe ba. Da ya ke ba shi da kalmomi, sai jikinsa ya faɗa. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun bara sai ya komo yana yi. Wanda ya iya magana sarai sai ya yi gum, ko ya kama in'ina. Wani ya farka cikin dare yana kururuwa, idonsa a buɗe amma bai gane kowa ba. Wani ya liƙe wa zanen uwarsa, ko bayan gida ba ta iya shiga ita kaɗai. In babur ya wuce da magariba sai ka ga yarinya ta saki kwano ta shige lungu. Wani kuma akasin haka, yaro mai sanyin hali sai ya zama mafaɗaci, yana cizon ƙannensa, yana jifan kaji. In ka tsaya bayan makaranta ka dubi wasansu, sai ka ga an sassaƙa bindiga da karan dawa, waɗansu sun zama 'yan daji, waɗansu an ɗaure su, ana cinikin kuɗin fansa da ganye. Kullum wasan ke nan, ba ya sakewa, ba kuwa dariya a cikinsa.

Likitocin duniya ma sun daɗe suna irin kuskurenmu. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ma'auni dabam na gane ciwon firgici ga yaro ɗan shekara shida zuwa ƙasa, don an lura ma'aunin manya ba ya kama shi. Babba ana tambayarsa ya faɗi abin da ke ransa. Yaro kuwa sai an dubi barcinsa da cinsa da wasansa. Wa ke ganin waɗannan? Ba likita ba, ba hedimasta ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Bari mu faɗi abin da mu ke yi wa irin yaron nan, ko da ba daɗi. In ya yi fitsari a shimfiɗa, a tara masa yara su yi masa kirarin amalala. In ya yi ƙiwa, a ce an sangarta shi. In ya yi wasan bindiga a makaranta, malam ya ɗauko bulala, ya ce ɗan ta'adda za a yi. In abin ya yi tsanani, a ce iska ce, a turara masa hayaƙi har ya shiɗe. Daga ƙarshe, in an gaji, sai a yanke shawarar da kowa ke gani ita ce ta hankali, watau a ɗauke shi daga garin, a kai shi riƙo wurin wani ɗan'uwa a Gusau, ko a haɗa shi da wani malami ya tafi gabas. Iyaye ba don ƙiyayya su ke yin haka ba, don ƙauna ne, suna so su nisanta shi da wuta. Sai dai wannan shawara ta ƙarshe, in yaron ƙarami ne, ita ce ta fi cutarwa, an kuwa gwada ta a wata ƙasa tun kafin a haifi yawancinmu.

A watan Satumba 1939, da yaƙin Hitila ya tashi, Gwamnatin Ingila ta ji tsoron ruwan bama-bamai, ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, galibinsu yara. Da yawa an raba su da uwayensu, an rataya musu takarda a wuya, an sa su a jirgin ƙasa. A cikin yaƙin nan waɗansu mata biyu masana halin yara, Anna Freud da Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen renon yara a unguwar Hampstead ta Landan, suna rubuta abin da su ke gani kowace rana. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Ƙaramin yaron da ya kwana cikin ramin ɓuya, bom yana fashewa a bisa, in dai yana jikin uwarsa, ita kuwa ta daure ba ta rikice ba, sau da yawa da safe sai ya tashi ya shiga wasansa. Wanda uwarsa ke makyarkyata, shi ma sai ya ɗauka. Wanda aka kai inda ba a jin ko ƙarar jirgi, amma ba uwa, shi ne ya fi lalacewa, ya ƙi ci, ya ƙi magana, ya koma fitsarin kwance. A 1951 wani likita Bature, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da aka raba da iyayensu, ya ƙarfafa wannan magana. Ashe ƙaramin yaro ba ya auna haɗari da kunnensa. Fuskar wadda ke goyonsa ya ke duba, a nan ya ke karanta ko duniya ta tashi ko tana nan.

A nan sai mu yi hattara, kada mu ɗauko zancen Turawa ɗungum mu aza wa gidan Bahaushe. In mun ce uwa, ba lalle mahaifiya ba. Mun san ɗan fari, wanda uwarsa ke yi wa alkunya, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Mun san yaron da tun ran yaye ya ke ɗakin kakarsa, da wanda goggonsa ta raina, da wanda abokiyar zaman uwarsa ta fi uwar tasa sanin kukansa. Wadda yaro ke gudu wurinta in ya faɗi, ita mu ke nufi. Wannan kuwa wata dukiya ce da gidajenmu ke da ita, wadda matan Landan ba su samu ba, don in hannu ɗaya ya gaza akwai na biyu da na uku. Riƙo ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauki yaron da ke cikin firgici a miƙa wa wanda bai saba da shi ba, a ce ai ɗan'uwa ne. In gudun ya zama tilas, a yi shi tare da wadda ya saba da ita.

Ba ma sai mun haye teku neman hujja ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya a asibiti, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, ya kuma sa sharaɗi kowane majiyyaci ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko goggo, su zauna tare, su dafa masa abinci, su raka shi wurin magani. Bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su aiki. Tsarin nan ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. In an duba, me ya yi in ba abin da kowace Bahaushiya ta sani ba? Wa ya taɓa ganin an kwantar da mutum a asibitin Gusau ba mai jiyya a gindin gadonsa, da tabarmarta da butarta? Mun yarda ciwon ciki yana bukatar mai jiyya. Ciwon firgici ya fi bukata.

Binciken zamanin nan bai rushe wannan ba, ƙara masa ƙarfi ya yi. A birnin San Faransisko na Amurka, wata malama mai suna Alicia Lieberman da abokan aikinta sun gwada wata hanya a kan yara 75, 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda suka ga ana dukan uwayensu a gida, suka buga sakamakon a 2005. Ba a shiga da yaro ɗaki a bar uwa a waje. Su biyun a ke zaunarwa a ƙasa da kayan wasa, mako mako, wajen shekara guda. In yaro ya ɗauki 'yar tsana ya buga da ƙasa, mai ba da shawara ba ta tsawata masa, sai ta taimaki uwar ta gane abin da ya ke faɗa, ta kuma koya mata ta amsa masa da bakinta, ta ce na san ka gani, ka ji tsoro, ni ma na ji, yanzu ga ni. Yaran sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba. Abin sha'awa, uwayen ma sun samu.

Mai karatu zai ce wannan Amurka ke nan, ina mu ina masana? Gaskiya ne, an sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba. Daga Gusau zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ya haura kilomita 200, a kan hanyar da ba kowa ke son bi da yamma ba. Amma a Lusaka ta ƙasar Zambiya an yi wani gwaji da yara 257, aka buga shi a 2015, waɗanda suka yi aikin kuwa ba likitoci ba ne, mutanen gari ne aka horar, ana duba aikinsu. Hanyar da suka bi tana da zama na yaro, da na mai riƙonsa, da na su biyu tare. Alamun firgici sun ragu da wajen kashi 80 cikin 100 ga yaran da aka yi wa, ga sauran kuwa wajen kashi 20. In mutumin Lusaka ya iya koyo, ba mu ga abin da zai hana malamar firamare ta Nahuce ko ungozomar Tsafe ba.

Sai dai akwai wani ƙulli. Uwar nan da mu ke ta ɗora wa jiyya, ita ma majiyyaciya ce. Ita ce ta toshe bakin yaron a daren nan, tana tsoron kada ta kashe shi da hannunta. Wataƙila mijinta yana daji, an sayar da gona da shanun huɗa ba a cika kuɗin ba. Wataƙila an yi mata abin da ba za ta iya faɗa wa ko uwarta ba. Ba ta barci, ƙaramin motsi sai ta daka wa yaro tsawa, daga baya ta zauna tana kuka. Mutanen Zamfara sun riga sun ga misalin wannan a wata cuta dabam. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar nan ta MSF sun ce ba amfani a wanke jinin yaro a mai da shi tsakar gidan da ƙurar gubar ke nan. Sai an kankare ƙasar gidan tukuna. Don haka yaran Bagega suka jira har aka share garin a 2013. To, firgici ma haka ya ke. In an lallashi yaro a makaranta da safe, ya koma ɗakin da uwa ke zabura kowane dare, an yi aikin baban giwa. Duk wani shiri na taimakon yara da bai tanadi mai sauraron uwa ba, da abin da za ta sa a tukunya, rabin shiri ne.

Uba kuma kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Yaron da ya ga an durƙusar da ubansa ya rasa wani abu da uwa ba ta iya mayar masa. Uban da ya komo daga hannun mutanen nan yakan yi shiru, ya ƙaurace wa cikin gida don kunya. Da zai daure ya zaunar da ɗansa kusa da shi wurin cin tuwo, ya riƙe hannunsa zuwa masallaci, da ya yi wa kansa magani ya yi wa yaron.

Abin da a ke so iyaye su yi ba ya cin ko kwabo. A mai da yaro kan al'adar yini da ya saba, lokacin koko, lokacin wanka, lokacin allo, lokacin kwanciya, ko da a ɗakin aro ne a Gusau, don kuwa daga maimaituwar abubuwan nan ya ke gane gobe za ta zo kamar yau. In uwa za ta fita, ta yi masa sallama ta faɗi lokacin komowa, kada ta sulale, don yaron da aka sulale wa sau ɗaya ba ya sake sakin zane. In ya jiƙa shimfiɗa a wanke a shanya, ba gori. In ya yi wasan bindiga a zauna kusa a saurara, a tambaye shi, sa'an nan wa ya zo ya cece su? A daina yi masa barazana da cewa in bai yi shiru ba za a kira 'yan daji, abin da muka ji har ya fara maye gurbin dodo a bakin waɗansu mata. Manya su daina baje labarin yanka da hotunan gawa na cikin waya a gabansa, suna cewa ba ya ji. Yana ji. A komo da tatsuniya bayan sallar lisha, ko ba don kome ba don ya yi barci da muryar kakarsa a kunne.

Abu mafi wuya shi ne gaskiya. In uba ya rasu, mukan ce wa yaro ya yi tafiya. Sai yaro ya kama tsaron ƙofa wata da watanni, in kuwa wani ya ce zai yi tafiya sai ya haukace da kuka, a rasa dalili. Gara a gaya masa da 'yan kalmomi daidai hankalinsa, cewa baba ya rasu, ba zai komo ba, ba laifinka ba ne, ga waɗanda za su riƙe ka. Zai sake tambaya gobe da jibi, a sake ba shi amsar nan. Addu'a kuwa da tofi a kansa lokacin kwanciya, ba mai hankalin da zai hana, don hannun uwa a goshi da muryarta a hankali su ne ainihin abin da a ke nema. Abin da mu ke ƙi shi ne duka da ɗauri da hayaƙi mai shaƙewa da sunan fid da iska.

Yawancin yara, in an yi musu haka, cikin 'yan makonni sukan warware. Wanda ya wuce wata guda abin bai ragu ba, ko ya daina ci, ko ya daina magana ɗungum, a kai shi ga malamin asibiti, uwar ta shiga tare da shi. Yarinya ko yaron da aka yi wa lalata kuwa ba a jira, a kai shi kafin kwana uku su cika, don akwai maganin rigakafin da ba ya aiki bayan haka. Kunya ba ta kai ran yaro ba.

Wani zai ce, ana maganar warkewa alhali gobe ma ana iya komowa? Wannan tambaya tana da nauyi, ba kuwa za mu ɓoye ba, tsaron rai shi ne bashin farko da ke kan Gwamnati, kuma ba wani lallashi da zai maye gurbinsa. Amma ɗan shekara uku ba zai tsaya yana jiran a gama yaƙi sa'an nan ya girma ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, in ba mu tanƙwara ba, tsoro yana nan yana tanƙwarawa.

Ga hukuma muna da roƙo. A Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta yi kyau, saura ta sauko daga Abuja ta iso ɗakin shan magani na ƙauye. Kwalejin Ilmi ta Maru da ta Tarayya da ke Gusau suna iya sa wannan darasi cikin horon malamai ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. In kuma Allah ya sa an ceto mutane, a tuna da abin da ya faru a Jangebe ran 3 ga Maris 2021, sa'ad da aka tsai da iyaye ana ta jawabai, rana tana faɗuwa, su kuwa suna so su kama hanya da 'ya'yansu kafin duhu, har haƙuri ya ƙare aka yi hargitsi da harbi. Yaron da ya fito daga daji, likita ya duba shi, sa'an nan a miƙa shi ga uwarsa. Hoto da jawabi su jira.

Ku malaman makaranta, kun fi kowa damar fara wannan aiki, don ku ne kuka san yaron jiya kuka san na yau. In kun ga ya sake, kada ku rubuta masa dakiki. Ku nemi gidansu. Mun san yawancin uwaye ba za su zo taron iyaye da malamai da rana ba, sabo da haka malamai mata su shiga gidaje bayan la'asar, ko a nemi izinin malaman Islamiyyar matan aure a ba da rabin sa'a a mako. In kun je, ku fara da tambayar uwar yadda ita ta ke kwana, kafin ku zo kan yaro. Kada ku shiga da wa'azi, ta sha wa'azi.

Ku kuma malaman ofis na ƙananan hukumomi da na fadar hakimai, takardar rahoton nan da mu ka fara magana a kanta a hannunku ta ke. Ba wanda zai hana ku ƙara mata layi biyu a ƙasa. Na ɗaya, yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara shida a gidajen da abin ya shafa. Na biyu, a ɗakin wa kowannensu ya ke kwana yanzu. In Bungudu ta fara, ta aika wa sashen ilmi da na lafiya kofe, Tsafe da Gusau ba za su rasa bi ba.